ADON ZAYYANA DA IYAKAR DA SHARI'A TA SHATA MASA

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya kyautata halittar kowane abu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, da yawa daga cikin masu sana'ar hannu suna zaton cewa hanin da ya zo a kan suranta abu mai rai ya toshe musu ƙofar ado. Wannan zato kuskure ne. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa wani mai sana'ar zane ya zo wurin Abdullahi ɗan Abbas (R.A.) yana neman fatawa. Bayan ya gargaɗe shi, sai ya nuna masa mafita, ya ce ya zana itatuwa da duk abin da ba shi da rai.

Magabata sun bi wannan mafita, sun kuwa gina fanni mai zaman kansa a kanta. Ƙubbatus Sakhra da ke Ƙudus, wadda Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya gina a shekara ta 72 bayan Hijira, an ƙawata bangonta da siffofin rassa da ganyaye, ba mutum ba dabba. Haka ɗansa Walid ya yi a babban masallacin Dimashƙa, inda aka jera gutsattsarin gilashi masu launi aka fitar da itatuwa da koguna da gidaje.

Daga baya sai gwanaye suka zurfafa cikin zanen lissafi. Da kamfas da rula kawai, sai a raba da'ira gida shida ko takwas, a fitar da tauraro, a yi ta maimaita shi har ya rufe bango ba tare da giɓi ba. Fadar Alhamra da ke Garnaɗa a Andalus shaida ce a kan haka. Shahararren mai zanen nan na ƙasar Holan, Escher, ya ziyarce ta a 1922 da 1936, ya kwafi zanen bangonta, aikinsa kuma ya sauya tun daga nan.

To, ina suka samo wannan tsari? Ku dubi saƙar zuma. Kowane ɗaki nata kusurwa shida gare shi, kuma masana lissafi sun tabbatar a 1999 cewa babu wata siffa da ke raba fili gida-gida daidai da ƙarancin bango kamarta. Ku dubi jijiyoyin ganye da tudun rairayi bayan iska. Mai ɗaukar hoto da ya juya kyamararsa ga irin waɗannan, ya kuɓuta daga saɓanin da malamai suka yi a kan hoton mai rai.

Mu ma a nan muna da rabonmu: aska takwas a ƙirjin babbar riga, dagi a bangon gidajen Kano da Zariya, zayyanar allo ranar saukar Alƙur'ani, da aikin dukawa da masu sassaƙar ƙwarya. Abin takaici ne matashi ya raina wannan gado, ya koma kwaikwayon abin da zai jefa shi cikin shubuha.

Sai dai kuma ado yana da muhallinsa. Ya tabbata cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya yi salla da wani mayafi mai zane, da ya idar sai ya sa aka mayar wa Abu Jahm da shi, domin ya ɗauke masa hankali. Saboda haka abin da na ambata game da gine-ginen Banu Umayya tarihi ne, ba hujjar cika bangon alƙibla da zane ba. A ƙawata riga da gida da bangon littafi, a bar wa mai salla natsuwarsa.

Allah ya sa albarka a sana'o'inmu, ya tsare mu daga ƙetare iyaka. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.