Zaɓen Irin Wake Don Gonakin Tudu: A Gonar Manomi Za a Yanke Hukunci

Lacca ga manoma da malaman gona da ɗalibai a Kurya Madaro, ƙasar Ƙaura Namoda

 

Tambayar da ta tara mu ita ce, wane irin wake ne ya fi yawan amfani, wanda ya kamata manomin tudu a ƙasar Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi ya riƙa shukawa? Matsayina a kai shi ne, yawan buhunan da iri ya bayar a gonar gwaji bai isa hujjar zaɓensa ba. Irin da ya cancanci a kira shi mai albarka shi ne wanda ya fitar da manomi kunya a kan tudunsa, a shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, bayan an haɗa lissafin ƙwaya da harawa da kuɗin feshi da farashin kasuwa. Wannan hukunci kuwa a gonakinmu ya kamata a yanke shi, da hannun waɗanda za su noma, su dafa, su sayar.

Da farko a san wane wake ake magana. Idan masana na duniya suna zancen waken ƙasashe masu duwatsu, galibi wani wake suke nufi daban da namu, wanda asalinsa daga Meziko da tsaunukan Kudancin Amurka ya fito. Shi ne abincin yau da kullum a Ruwanda da Burundi da Uganda, kuma a can akwai nau'insa mai hawa sanda da kan ninka na ƙasa sau biyu zuwa uku. Sai dai waken nan ɗan sanyi ne. Da zafi ya haura digiri 30 sai furensa ya fara zubewa, shi ya sa a Najeriya wuraren da suka dace da shi su ne irin su tsaunin Jos da na Mambila. Tudun arewacin Zamfara ba shi da wannan tsawo, ba shi da wannan sanyi. Waken da ke gabanmu shi ne namu na gado, ɗan asalin Afirka, wanda Najeriya ta fi kowace ƙasa a duniya nomansa, Nijar na biye da ita. Duk da haka, wanda aka shuka ƙarƙashin gero da dawa ba tare da feshi ba sau da yawa ba ya kai kilo 500 a hekta, alhali iri ingantacce da ya samu kulawa kan kai tan ɗaya da rabi ko fiye. Wannan tazara ce ta sa zancen iri ya zama dole.

Hujjata ta farko ita ce yanayin tudun kansa. Daminarmu gajeruwa ce, daga wajen watan Yuni zuwa ƙarshen Satumba, kuma ba kullum take cika alkawari ba. Ƙasar tudu ko dai jigawa ce mai rairayi da ba ta riƙe laima, ko kuma mai tsakuwa ce da marmara ke kusa da sama. Ruwan da ya sauka a kanta rabi ya nutse, rabi ya gangara rafuka su kai shi gulbin Gagare ko na Bunsuru, ya tafi da taki da lallausar ƙasa. Tsofaffin irinmu masu yaɗo, kamar Kanannado, ba sa lissafi da ranar shuka. Sai yini ya fara gajarta, wajen ƙarshen damina, sannan su yi fure, daga nan su dogara da laimar da ta saura a ƙasa. A kwari ko bakin fadama wannan hali alheri ne. A kan tudu mai marmara kuwa, idan ruwa ya ɗauke tun tsakiyar Satumba, sai ka ga gona kore shar, ganye ya rufe kunya, ka ɗaga yaɗo ka rasa abin tsinka. Irin da ke nuna cikin kwana 65 zuwa 75 ya riga ya gama aikinsa kafin wannan lokaci. Saboda haka tambayar farko da za a yi wa kowane iri ita ce kwana nawa yake yi, kafin a tambayi buhu nawa yake bayarwa.

Hujja ta biyu ita ce wuta-wuta. Duk manomin wake a nan ya san ta. Kafin ta fito fili ta riga ta kama saiwa a ƙarƙashin ƙasa tana tsotsa. Ganyen wake ya yi rawaya tsakanin jijiyoyinsa, tsiro ya tsaya cak, sai daga baya ka ga 'yan sanduna masu fure ja-ja-shuɗi sun tsattsago a gindinsa. A lokacin aikin gama ya gama. 'Ya'yanta ƙanana ne kamar ƙura, kuma sukan yi shekaru da yawa a cikin ƙasa suna jira. Ta fi ƙarfi a gonar da ta gaji, mai rairayi, mai ƙarancin ruwa, wato dai tudunmu. Feshi ba ya maganinta, noma da fartanya ba ya cim mata da wuri. Maganin da ya tabbata a cikin iri yake. Masu bincike sun samo juriyar wuta-wuta a jikin wani waken gargajiya na ƙasar Botswana da ake kira B301, sannan reshen Kano na cibiyar IITA, ƙarƙashin Dokta B. B. Singh, tare da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Jami'ar Ahmadu Bello, suka shigar da halin cikin irin da ya dace da ƙasarmu. Daga wannan aiki aka fitar da SAMPEA 10 a shekarar 2008, sannan SAMPEA 14 da SAMPEA 15 a 2011, waɗanda suka haɗa juriyar wuta-wuta da ta fari. Iri mai suna wajen yawan amfani da ba shi da wannan juriya zai iya cika rumbu a gonar da babu wuta-wuta, ya zo tudun da ta yi kaka-gida ya kasa mayar da abin da aka shuka.

Hujja ta uku ita ce harawa, wadda lissafin buhu ke mantawa da ita. Manomi a nan makiyayi ne kuma. Dammunan harawar da ake jerawa a kan soro da rassan itace su ne abincin rago da akuya da shanun huɗa har ƙarshen rani, kuma farashinsu hawa yake yi kullum bazara ta matso, balle gabanin babbar salla. Turkar da mata ke yi a cikin gida a kanta ta dogara, kashin dabbobin kuma shi ke komawa gona ya zama taki. Iri mai tsayuwa, mai saurin nuna, yakan zubar da ganye ya bar 'yar harawa kaɗan. Banda haka, mai yaɗo yana lulluɓe ƙasa a gangare ya rage zaizaya. Masu binciken ma sun gane haka, shi ya sa suka fitar da iri mai fuska biyu kamar SAMPEA 9, mai ba da ƙwaya da harawa tare, suka kuma gwada tsarin kunya biyu na hatsi da kunya huɗu na wake, don inuwar dawa ta daina danne shi. Abin da wannan ke nunawa shi ne, gida ɗaya na iya buƙatar iri biyu: mai sauri a saman tudu, don ya kashe yunwar tsakiyar damina ya kawo kuɗin farko, mai yaɗo kuma a gindin gangare inda laima ke daɗewa.

Hujja ta huɗu tana kasuwa da tukunya. Ɗan kasuwar da ya zo Shinkafi ranar Alhamis, ko mai tara kaya ya kai Dawanau a Kano, hannu yake sa wa cikin buhu ya duba girman ƙwaya da launinta da ramukan ƙwari. Arewa ta fi son fari mai manyan ƙwaya, kasuwar Legas ta fi son ja. Mai ƙosai da mai alale suna neman wake mai kaushin fata, wanda da an jiƙa shi an ɗan surfa fatar za ta saɓule, ƙullu ya tashi. Uwargida mai dafa garau-garau tana lissafin itacen da zai ci kafin ya yi laushi. Irin da ya ƙara buhu ɗaya amma ya rage farashin kowane mudu, ko ya gagari tukunya, shekara ɗaya zai yi a gari a yi watsi da shi.

Idan kuwa ma'aunan sun yi yawa haka, kuma sun bambanta daga gona zuwa gona, wa zai auna? A nan ne darasin Ruwanda ya shafe mu, ko da wakensu ba namu ba ne. A ƙarshen shekarun 1980, masu bincike na cibiyar CIAT da ta ƙasar, cikinsu har da Louise Sperling, sun gayyato matan karkara da aka sani da ƙwarewa a noman wake, suka zagaya da su gonar gwaji tun kafin a fitar da iri, kowace ta zaɓi wanda take ganin zai yi a gonarta. Da aka koma da su gida aka shuka, zaɓin matan ya fi yin nasara a kan wanda masanan suka saba yi su kaɗai, domin su sun san inuwar ayaba da gajiyar ƙasarsu. Shawarata ita ce mu yi irin wannan a nan. A samo iri huɗu ko biyar daga Samaru ko dillalin da ke da shaidar Hukumar Kula da Irin Shuka ta Ƙasa, a haɗa da namu na gida a matsayin ma'auni. A shuka su gefe da gefe a saman tudu da tsakiyar gangare da gindinsa, kunya a gicciye da hanyar ruwa, taki iri ɗaya, feshi iri ɗaya, musamman takin sufa da wake ya fi buƙata. A rubuta ranar fure da ranar tsinka da yawan wuta-wuta, a auna ƙwaya da mudu, a ƙirga dammunan harawa, mata su dafa su faɗi ra'ayinsu, ɗan kasuwa ya sa farashi. A maimaita damina biyu ko uku, domin shekara mai kyau ɗaya takan rufa wa mugun iri asiri.

Wani zai ce, masana sun riga sun gwada, me ya sa za a sake? Sun gwada, kuma aikinsu abin godiya ne, ba don shi ba da babu abin da za a zaɓa. Amma Samaru ta fi mu ruwan sama da tsawon damina, kuma iri da aka fitar don yanki mai faɗi matsakaicin sakamako ake dubawa. Ita kanta wuta-wutar wake nau'i-nau'i ce, irin da ya jure ta wata ƙasa ba lalle ya jure ta wata ba. Gwajin gida cikamakin aikin masana ne.

Wani kuma zai ce, irin kakanninmu ya ishe mu. Ina tare da shi a kan kada a yar da shi, domin juriyar da muke alfahari da ita yau a jikin irin gargajiya aka samo ta. Sai dai kakanninmu sun yi noma lokacin da ake barin gona ta huta. Yau jama'a ta ƙaru, gona ta ragu, wuta-wuta ta yawaita. A bar tsohon iri ya kare kansa a fili tare da sabo, wanda ya yi nasara a riƙe shi.

Akwai masu ɗari-ɗari da SAMPEA 20-T, wanda Farfesa Mohammad Ishiyaku da abokan aikinsa suka samar a Samaru, aka amince da shi a 2019. An sa masa wani hali da aka ɗauko daga ƙwayar halittar da ke rayuwa cikin ƙasa, don ya kashe tsutsar nan mai saƙa yana tsakanin fure da 'ya'ya, ta huda ta shige ta bar kashinta a bakin rami. Masu shi sun ce yana rage feshi daga sau shida ko takwas zuwa biyu, kuma biyun dole ne, domin bai hana sauran ƙwari masu tsotsa ba. Haƙƙin manomi ne a faɗa masa gaskiyar abin da ake ba shi, a bar masa zaɓi. Wanda ya yarda, ya sa shi cikin gwaji a auna shi da mudu ɗaya da saura. A kuma tuna cewa yawan magani ma yana da tasa hasarar: a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya saboda ragowar guba da aka samu a jikinsa. Buhu mai ruɓi uku da ke hana iska shiga, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta samar, yana adana iri da abinci ba tare da ɗigon magani ba.

Magana mafi nauyi ita ce ta wanda zai ce, mutanen da 'yan bindiga suka hana zuwa gona ina su ina gwajin iri? Babu mai raina wannan ciwo. Amma daidai saboda shi ne zaɓen iri ya ƙara muhimmanci. Wanda gonarsa ta nesa ta gagara, ya koma 'yar ta bayan gari, ba shi da sararin yin kuskure. Wake gajere ne, yana nuna da wuri, kuma irin da ya rage yawan zirga-zirgar feshi ya rage kwanakin da manomi ke sa ransa cikin haɗari.

Kuɗin wannan aiki kaɗan ne. Wake kansa yake yi wa barbara, don haka irin da aka zaɓa manomi zai iya ajiyewa ya sake shukawa damina biyu ko uku, matuƙar ya tsince shi bai bari ya cakuɗa ba, tunda wake ɗaya ke ɓata gari. Abin da ake buƙata shi ne iyayen ƙasa su ba da fili kusa da gari, malaman gona na jiha su samo iri kafin ruwa ya sauka, ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda su riƙe littafin rubutu, ƙungiyoyin mata su zauna a cikin masu hukunci. In an yi haka, nan da damina uku Kurya Madaro za ta iya aika wa Samaru da rubutaccen sakamako, ta ce ga irin da ya yi a tudunmu, ga wanda bai yi ba, ga halin da muke so a ƙara mana a na gaba.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya dawo mana da zaman lafiya.