Takarda da Hannu: Yadda Za A Gane Wanda Ya San Hanyar Wutar Lantarki



Abin da zan yi magana a kansa yau tambaya ce guda ɗaya, wadda ta shafi kowa a cikin wannan ɗaki, ko da bai taɓa riƙe filaya ba. Tambayar kuwa ita ce: in aka kawo mana mutum aka ce ma'aikacin lantarki ne, da me za mu tabbatar ya san aikinsa, kafin mu danƙa masa ɗakin haihuwa na asibiti, ko rijiyar burtsatse ta gari, ko rumfar kasuwa? Zan ɗauki misalaina daga Sandamu da sauran ƙananan hukumomin ƙasar Daura, watau Daura, da Mai'aduwa, da Zango, da Baure, domin a irin waɗannan wurare ne kuskuren ma'aikaci ɗaya kan daɗe ba a sami mai gyara shi ba.

Tun kafin zuwan Turawa ƙasar Hausa tana da hanyarta ta auna gwani. Yaro kan zauna a maƙera shekara da shekaru yana zuga, har ran da ubangidansa zai ba shi ƙarfe ya ce ya ƙera fartanya. In ta yi kyau kowa ya gani, in ta karye a gona kowa ya ji. Haka abin yake ga magina da majema da masaƙa, kuma kowace sana'a tana da sarkinta mai tsawatawa. To, amma lantarki ya bambanta da waɗannan duka, saboda ba a ganinsa. Ƙwai yana iya kamawa, fanka tana juyawa, mai gida ya biya kuɗi yana murna, alhali kuwa waya tana can cikin silin tana ɗaukar zafi. Saboda haka kamawar ƙwai ba ta isa shaida ba. Shaidar da ta isa ita ce a ga mutum ya iya lissafa abin da ke gudana cikin waya tun bai taɓa ta ba, sa'an nan ya auna, awon ya gaskata lissafinsa.

Wannan lissafi ba wani abu ne mai zurfi ba. Abubuwa uku ne ginshiƙinsa. Akwai ƙarfin da ke tura wutar, wanda ake aunawa da bolt. Akwai yawan wutar da ke kwarara, wanda ake aunawa da amfiya. Akwai kuma turjiyar da waya ko na'ura ke yi wa kwararar, wadda ake aunawa da om. Wani Bajamushe, Georg Ohm, shi ne ya bayyana dangantakarsu a 1827: in ka raba bolt da om, sai ka sami amfiya. A 1845 wani Bajamushen kuma, Gustav Kirchhoff, ya ƙara ƙa'idodi biyu: duk wutar da ta shiga mahaɗa dole ta fita, kuma ƙarfin da batir ya bayar dole ya ƙare a kan abubuwan da ke cikin kewayen. Wanda ya riƙe waɗannan, ya kuma san bambancin haɗin jere, inda wuta ke bin hanya ɗaya tak, da haɗin rassa, inda take rabuwa, to ya riƙe mabuɗin yawancin aikin da ake yi a gidajenmu.

Bari in kawo misali daga shagon tela ko na mai wanki da guga. Wutar da kamfanin KEDCO ke rabawa a jihohin Kano da Katsina da Jigawa, tun da ya koma hannun 'yan kasuwa a 2013, ƙa'idarta bolt 230 ne. A ce an jona dutsen guga mai wat 1,000, da rishon lantarki mai wat 1,500, da hita ta dafa ruwa mai wat 2,000, duka a kan doguwar soket guda. Jimla wat 4,500 ke nan. In aka raba da 230, za a sami amfiya kusan 20. Fis ɗin da ke cikin filogi mai ƙafa uku kuwa iyakarsa amfiya 13. Yana iya ƙonewa, kuma ƙonewarsa ita ce aikin da aka sa shi ya yi. Wanda bai san lissafi ba sai ya cire shi, ya ɗaura zaren waya a madadinsa, wuta ta dawo, a yaba masa. Daga ranar nan wayar shagon ita ta zama fis, kuma ita ba ta ƙonewa ita kaɗai.

Misali na biyu ya fi kusa da ƙauyukan Sandamu, inda faifan sola ya shiga masallatai da ɗakunan shan magani da rumfunan cajin waya. Mutane da yawa suna zaton tun da batir bolt 12 ne kawai, ba ya bukatar kula. Gaskiya ne ba zai fizge mutum ba, amma ku duba wannan. Kayan da ke cin wat 240 suna jan amfiya ɗaya da 'yan kai a kan bolt 230. A kan bolt 12 kuwa amfiya 20 suke ja. In aka ja musu wayar tagulla mai kaurin murabba'in milimita 2.5, tsawon mita 10, zuwa da dawowa mita 20, turjiyarta ta kai kimanin om 0.15. Bolt 3 za su salwanta a hanya, watau kashi ɗaya bisa huɗu na ƙarfin batir ya tafi wajen ɗumama waya. Sai a ce sola ba ta da kyau, ko batir jabu ne, a sake fitar da kuɗin jama'a a sayo wani, alhali cutar tana cikin waya.

To, yaya hukuma take auna masu wannan aiki? Zamanin Turawa da bayansa, takardar City and Guilds ta Landan, cibiyar da aka kafa a 1878, ita ce abin tinƙaho. Akwai kuma gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, daga aji uku zuwa aji ɗaya. A 1971 aka kafa asusun horar da ma'aikata na ITF, a 1977 aka kafa hukumar ilmin fasaha ta NBTE a Kaduna, a 1992 kuma hukumar jarrabawa ta NABTEB. A 2015 doka ta kafa hukumar NEMSA, wadda ke duba ingancin aikin lantarki, tana kuma ba masu wayarin takardar izini. Ga kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a nan Daura. Ashe dai ba hukumomi muka rasa ba. Abin dubawa shi ne mene ne takardar take shaidawa.

A nan ne tsarin shaidar ƙwarewa na ƙasa, wanda NBTE ke kula da shi, ya zo da abu mai amfani. Tushensa yana kama da tsarin da Ingila ta soma a 1986: a je wurin aikin mutum, a gan shi yana yi, a rubuta abin da aka gani, wani jami'i dabam kuma ya sake bin hukuncin mai aunawa. Amfaninsa babba shi ne ya buɗe ƙofa ga yaron da ya koyi aiki a hannun ubangida, bai shiga kwaleji ba. Ni a ganina, ko wace hukuma ce ke aunawa, abu huɗu ne bai kamata a sa hannu ba sai an gan su.

Na farko, a ba shi kewaye na gaske, ya zana shi a takarda, ya nuna inda wuta ta shiga da inda ta koma. Na biyu, ya faɗi abin da yake sa ran mita za ta nuna tun bai ɗora ta ba. In batir mai bolt 12 ne, da turjiya biyu a jere, om 4 da om 8, ya ce amfiya ɗaya ce, bolt 4 a nan, bolt 8 a can, sa'an nan ya auna. Na uku, mai aunawa ya ɓoye wata matsala da gangan, kamar sakakkiyar mahaɗa ko yankakkiyar wayar ƙasa, a ga ko zai bi ta daki-daki, ko kuwa zai dinga canza kaya yana fatan dacewa. Na huɗu, wanda ya fi duka: a ga ya kashe wuta, ya kuma gwada ya tabbatar ta mutu, kafin ya sa hannu. Abin da bai kai kashi ɗaya bisa goma na amfiya ba yana iya tsayar da zuciyar mutum. Wanda ya faɗi a wannan ya faɗi duka, kome kyan lissafinsa.

Akwai mai cewa wannan tsari zai zalunci wanda bai iya Turanci ba. Amsa ita ce a yi tambayar da Hausa. Wuta ba ta san yaren mai taɓa ta ba, kuma wanda ya iya bayyana wa manomi dalilin da ya sa famfonsa ke rasa ƙarfi da yamma ya nuna fahimtar da ta fi haddar ma'anoni. Akwai kuma mai cewa tsarin yana da tsada, tun da sai mai aunawa ya taka har wurin aiki. Haka ne. Amma a ɗora kuɗin man babur daga Daura zuwa Sandamu a sikeli ɗaya, a ɗora firijin allurar rigakafi da ya lalace a ɗayan, a ga wanda zai rinjaya.

Ya ku ma'aikatan hukuma, in kuna ɗaukar ma'aikaci ko ba da kwangila, kada ku tsaya ga hatimin takarda. Ku nemi wanda ya san aikin ya zauna tare da ku, a kawo batir da ƙwai biyu da mita, rabin sa'a ya isa. Ku kuma masu aunawa, ku tuna sa hannunku shaida ce, kuma mai shaidar abin da bai gani ba ya san sunan abin da ya aikata. Ku ɗalibai, ku saba wa kanku yin lissafi kafin awo, ku kuma koyi ladabi wurin tsofaffin masu gyara, domin suna da sanin hannu wanda ba ya cikin littafi, kamar yadda ku kuke da lissafin da zai kammala nasu.

Allah ya kiyaye mu da gobara, ya sa albarka a sana'o'inmu.