Albashi da Mutuncin Ma'aikaci



A shekarar 1891, Fafaroma Leo na 13 ya fitar da wasiƙar Rerum Novarum kan halin da ma'aikatan masana'antu ke ciki. Ya koyar cewa idan yunwa ce ta sa ma'aikaci ya amince da ƙaramin albashi, an zalunce shi, domin wajibi ne lada ya ishe shi rayuwa cikin mutunci. Ya kare haƙƙinsa na shiga ƙungiya, ya kuma gargaɗi hukuma kan harajin da ya wuce kima.

Mu da ake cire wa haraji tun kafin albashi ya iso hannu, wannan ma'auni ya shafe mu. Duk ranar da muka zauna da hukuma, mu fara tambaya: albashin nan zai ciyar da iyali har ƙarshen wata?