Sauya Littafin Kurakurai: Sharhi Daga Bakin Kusugu

Daga bakin rijiyar Kusugu, nan Daura, muke gaishe ku.

Batunmu na yau shi ne littafin kurakurai. Manhajar da kowa ke da damar gyarawa tana da wurin kai ƙorafi. Ka ga matsala, ka rubuta, masu gyara su duba.

Wikipedia ta Hausa a kan irin wannan manhajar, MediaWiki, take gudana. A watan Nuwamban 2014, Wikimedia, mai kula da ita, ta bar littafin kurakuranta na Bugzilla ta koma Phabricator. Ba su bar tsofaffin rahotanni a baya ba. Kowane rahoto an kwashe shi da bayanansa. Tsohuwar lambarsa aka ƙara mata dubu biyu, don mai nema ya same shi cikin sauƙi.

Haka abin yake in kun dubi Kusugu. An yi mata gini, an gyara bakinta, amma ruwan na nan, labarin Bayajida na nan.

To, matasanmu masu rubuta manhaja, in za ku ƙaura, ku kwashe komai. Ku sanar da jama'a tun da wuri. Kada rijiya ta bayar, guga ya hana.

Sai mun sake haɗuwa. A huta lafiya.