Hattara da Na'urar Ɗumama Abinci

Ga abin da na faɗa a taronmu, don waɗanda ba su samu zuwa ba.

Maikirowef ba ya ɗumama abinci bai ɗaya. Gefe ya yi zafi, tsakiya da sauran sanyi, a nan ƙwayoyin cuta ke laɓewa. Ki tsayar da shi, ki juya miyar, ki mayar, sannan ki bar ta minti 2 a rufe kafin ki zuba wa yara.

Naman da kika narkar da ƙanƙararsa a ciki kuwa, ki dafa shi nan take. Kar ki ce sai kin dawo daga biki, gefensa ya riga ya fara dahuwa, lalacewa zai yi. Don Allah kwanon silba da cokalin ƙarfe kar su shiga. Ƙwai da ɓawonsa ma fashewa yake yi.