Shugabanci Da Himmar Aiki A Filin Ƙwallo: Jawabi Ga Samarin Kontagora



Na gode wa Allah da ya ba ni damar tsayawa a gabanku yau, na kuma gode muku da kuka bar harkokinku kuka zo. Abin da aka ɗora mini in yi magana a kansa shi ne shugabanci da himmar aiki tsakanin samari. Na zaɓi in bi da maganar ta filin ƙwallon ƙafa, domin da wuya a shiga wata unguwa a garin nan da la'asar ba a tarar da yara suna buga tamaula ba, wasu da takalmi, wasu babu. Da yawa daga cikinsu suna da burin ƙwallo ya zama sana'arsu, wannan kuwa ba laifi ba ne. Jihar Neja tana da tarihi a wannan fage. A shekarar 2000 kulob ɗin Niger Tornadoes ya ci Kofin Ƙalubale na ƙasa bayan ya doke Rangers ta Inugu da ci ɗaya da nema, ya kuma sake kaiwa wasan ƙarshe a 2017. Filin wasa na Minna ma sunan Bako Kontagora yake ɗauke da shi.

To, kowane yaro da ke filin nan yana so a ɗaura masa kambun kyaftin a damtse. Amma kaɗan ne suka san cewa dokokin ƙwallon ƙafa ba su ba kyaftin wani gata na musamman ba, sai dai sun ɗora masa alhaki game da halayyar abokan wasansa. Wato dai nauyi ne aka aza masa. Domin in bayyana muku yadda ake ɗaukar wannan nauyi, zan kawo misalin wani ɗan ƙasarmu da kowa a cikinku ya sani, wato Ahmed Musa.

Aiki Yana Farawa Daga Gida

An haifi Ahmed Musa a Jos ranar 14 ga Oktoba, 1992, mahaifinsa kuwa ya rasu tun yana ƙaramin yaro. Ya koyi ƙwallo a makarantar horar da 'yan wasa ta GBS, aka ba da shi aro ga kulob ɗin JUTH na Jos, daga nan ya wuce Kano Pillars. A kakar wasa ta 2009 zuwa 2010 ya jefa ƙwallo 18 a raga a gasar ƙasa, adadin da babu wanda ya taɓa kaiwa a kaka guda kafin lokacin, alhali shekarunsa 17 kacal.

Ku lura da wannan, ya ku samari. A filayen Nijeriya, cikin rana da ƙura da doguwar tafiya a mota daga wannan jiha zuwa waccan, ya nuna abin da ya iya, sa'an nan Turawa suka zo nemansa. Ko da kulob ɗin VVV-Venlo na ƙasar Holan ya saye shi a 2010, sai da ya jira ya cika shekara 18 kafin ya fara buga musu wasa, saboda dokar hukumar FIFA ta hana a kai yaron da bai kai wannan shekaru ba wata ƙasa domin ƙwallo, in ban da wasu 'yan dalilai ƙalilan. Saboda haka ina kira ga iyaye da babbar murya: duk dillalin da ya zo muku da alkawarin zai kai ɗanku mai shekara 15 Turai in kun sayar da gona ko shanu kun ba shi kuɗi, to, ku yi hattara da shi. Kulob na gaskiya shi yake biyan ɗan wasa. Haka kuma rage shekaru a takarda ba ya haifar da ɗa mai ido, tun daga gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 da aka yi a nan Nijeriya a 2009 ake amfani da na'urar ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu domin gano masu yin haka.

Ranar Samu

A watan Janairu na 2012 Ahmed Musa ya koma CSKA ta birnin Mosko, ƙasar da sanyinta ya sha bamban da duk abin da ɗan Jos ya sani. Ya zauna ya jure, ya ci gasar ƙasar Rasha tare da su sau uku, a 2013 da 2014 da 2016. A 2013 yana cikin 'yan wasan da marigayi Stephen Keshi ya kai Afirka ta Kudu suka ɗauko Kofin Nahiyar Afirka, shi ne ma ya ci ƙwallo ta huɗu a wasan kusa da na ƙarshe da muka doke Mali da ci huɗu da ɗaya.

Ranar 25 ga Yuni, 2014, a gasar cin Kofin Duniya ta Birazil, Nijeriya ta kara da Ajantina. Lionel Messi ya ci mu tun a minti na uku, kafin 'yan kallo su gama murna Ahmed Musa ya rama. Messi ya ƙara dab da hutun rabin lokaci, ana dawowa Ahmed ya sake ramawa. Ajantina ce ta yi nasara da ci uku da biyu, amma a ranar duniya ta ga saurayi mai shekara 21 wanda girman sunan abokin karawa bai sa gwiwarsa ta yi sanyi ba. Wannan shi ne matakin farko na shugabanci, wato mutum ya yi nasa aikin da kyau a lokacin da na kusa da shi suka fara karaya.

Ranar Rashi

Jama'a, kowa yakan iya fara'a ranar da ya ci. Halin mutum na ainihi yakan fito ne ranar da aka karɓe abin da ke hannunsa. A watan Oktoba na 2015 mai horar da 'yan wasan Nijeriya, Sunday Oliseh, ya naɗa Ahmed Musa kyaftin ɗin Super Eagles. Ba a yi shekara ba, a 2016, aka mayar da kambun ga John Mikel Obi, shi kuma aka mai da shi mataimaki. Mun sha ganin 'yan wasan da abin da bai kai wannan ba ya sa suka yi yaji. Shi kuwa ya ci gaba da amsa kiran ƙasarsa, har Mikel ya ajiye buga wa Nijeriya wasa a 2019, kambun ya komo hannunsa.

A tsakanin nan kuma ya gamu da wata jarrabawa. A watan Yuli na 2016 kulob ɗin Leicester City, wanda a lokacin shi ne zakaran Ingila, ya saye shi a kan kuɗi kimanin fam miliyan 16. Abin bai yi masa kyau a can ba. Ƙwallo biyu kawai ya ci musu a gasar Firimiya, daga baya ma ya koma zaman benci. Da ya ga dama da sai ya zauna yana karɓar albashinsa mai tsoka, ƙafarsa tana yin sanyi. Maimakon haka, a watan Janairu na 2018 ya yarda aka mayar da shi aro Mosko inda ya fito, domin ya sami wasan bugawa. Bayan wata biyar, a gasar cin Kofin Duniya ta Rasha, ba a fara wasan farko da shi ba, wanda Kuroshiya ta ci mu biyu da nema. A wasa na biyu, ranar 22 ga Yuni a birnin Volgograd, aka sa shi tun farko, shi ne ya ci ƙwallo biyun da muka doke Aislan da su. Ta haka ya zama ɗan Nijeriya na farko da ya ci ƙwallo a gasar Kofin Duniya biyu daban-daban. Mai haƙuri yakan dafa dutse, amma fa sai yana iza wuta.

Misali na ƙarshe ya fi sauran nauyi. A gasar Kofin Nahiyar Afirka da aka yi a Kwaddibuwa a farkon 2024, Ahmed Musa shi ne kyaftin ɗin tawagarmu, ya kuma riga ya buga wa Nijeriya wasa fiye da 100. Duk da haka ba a sa shi a wasa ko ɗaya ba, William Troost-Ekong ne yake ɗaura kambun a cikin fili. Ya zauna a benci tun daga wasan farko har zuwa na ƙarshe, wanda masu masauki suka ci mu biyu da ɗaya ranar 11 ga Fabrairu, bai tayar wa tawagar da hankali ba. Ai Hausawa sun ce babba juji ne. Wanda ba zai iya haɗiye irin wannan ba, bai isa a ba shi jagorancin mutum goma ba.

Abin Da Ya Rage Gare Mu

Kwanan ɗan ƙwallo a fili ƙididdigaggu ne, rauni guda a gwiwa yana iya kawo ƙarshen sana'ar. Ahmed Musa bai jira tsufa ba, a 2017 ya buɗe cibiyar wasanni da motsa jiki a Kano. Ya komo Kano Pillars a 2021, ya sake komowa a 2024, a 2025 kuma aka naɗa shi babban manajan kulob ɗin da ya fara yin suna a cikinsa. Saboda haka kada yaro ya bar makaranta ko koyon sana'a saboda tamaula, domin waɗanda ƙwallo ke ciyarwa kaɗan ne ƙwarai in an gwada da masu buga ta.

Ga kyaftin-kyaftin na ƙungiyoyin unguwanni da na makarantu da ke zaune a nan, ina da 'yan shawarwari. Ka riga kowa zuwa wurin atisaye. In alƙalin wasa ya yi hukuncin da bai yi maka daɗi ba, kai ne za ka janye yaranka daga kansa. In ƙaramin cikinku ya ɓarar da ƙwallo, ka dafa kafaɗarsa a gaban jama'a, gyaran kuma ka bari sai kun keɓe. In an cire ka an sa wani, ka tafa masa. Ka nisanci ƙwaya da duk wani abin sa maye, domin jikinka shi ne jarinka. Malamai da masu horarwa kuma, ina roƙonku ku riƙa ba da kambun ga wanda ya fi himma da ladabi, ko da akwai wanda ya fi shi iya yanka ko gidansu ya fi nasu wadata. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wannan magana ba ta tsaya a filin ƙwallo kaɗai ba. Yaron da ya saba zuwa atisaye a kan lokaci, shi ne gobe zai zo ofis a kan lokaci, ya yi noman masara da dawa a kan kari, ya riƙe amanar da aka ba shi ko ana kallonsa ko ba a kallonsa. Irin waɗannan samari Kontagora take bukata, su kuma Nijeriya take jira.

Allah ya shirya mana zuriyarmu, ya ja zamanin Mai Martaba Sarkin Sudan, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.