Kwarkwasa a Cikin Gida: Jawabi ga Mutanen Karkara

Abin da zan yi magana a kansa yau ƙarami ne a ido, amma ya sha fitar da magidanci da iyalinsa waje da tsakar dare, watau kwarkwasa.

Mutanen Kano da Katsina sun fi sanin cinnaka da tururuwa. Amma wanda aiki ko noma ya kai shi Kafanchan, ko Kagoro, ko Kwoi, ko Zonkwa, zai gamu da kwarkwasa ko ba daɗe ko ba jima. Kudancin Jihar Kaduna ƙasa ce mai kurmi da inuwa da danshi, ruwa kuwa yakan sauka tun daga watan Afrilu har Oktoba. Irin wurin da take so ke nan, gama ba ta jimre zafin rana. Shi ya sa aka fi ganin ayarinta da damina, da dare ko da sassafe.

Ya kamata mu san halinta tukuna. Kwarkwasa makauniya ce, warin 'yan'uwanta take bi, don haka ne take tafiya a jere kamar igiya, manyan nan masu ƙaton kai suna tsaye gefe da gefe kamar dogarai. Gida ɗaya yakan kai miliyan 20, sarkin yawa kuwa ya fi sarkin ƙarfi. Ba ta da mazauni na dindindin. In abinci ya ƙare a wuri sai ta yi ƙaura. Nama take nema da maiƙo: kyankyasai, da kunamu, da gizo-gizo, da 'ya'yan ɓera, da manjan da aka bari a buɗe. Ba ta cin hatsin rumbu, ba ta cin azara kamar gara. Saboda haka in ta shiga gida farauta ta zo, in ta gama za ta wuce, sau da yawa kafin rana ta take. Wadansu manoma ma murna suke yi da ita, don takan bar ɗaki tas.

Haɗarinta yana kan wanda ba ya iya gudu. Jariri ke nan, da majinyaci, da tsoho tukuf, da wanda ya kwanta cikin maye. Haka kuma kaji a akurki, da zomaye a keji, da 'ya'yan aladu, da akuyar da aka ɗaure a turke. Kaza mai kwanci takan ƙi tashi daga kan ƙwai har a tarar da ita ƙashi.

To, in kun farka kun ga ta shigo, kada ku tsaya faɗa da ita. A fara ɗauke yara da marasa lafiya, a tuɓe musu tufafi a kakkaɓe, a duba kai da kunne da hanci. Sa'an nan a buɗe akurki, a kwance dabbobi. Kada a tattake ayarin, watsewa zai yi ya cika ko'ina. Abin da ke juya ta shi ne tokar murhu busasshiya, mai ɗumi in da hali. A zuba ta da kauri a bakin ƙofa da kewayen akurki, amma a bar mata hanyar fita zuwa daji. In ruwa ya jiƙa tokar a sake wata. Da damina yana da kyau a sa ƙafafun gadon yara cikin gwangwanaye masu ruwan sabulu, a janye gadon daga bango, a nome ciyawar da ke jikin gida, a rufe manja da sauran nama.

Abu biyu nake roƙonku ku bari. Na fari wuta. Mutum ya yayyafa fetur ko ya kunna ciyawa a ƙarƙashin jinka cikin duhu da gaggawa, wannan neman gobara ne, asarar kuwa ta fi ta kaji goma. Na biyu guba. Gammalin 20 da aka saba da shi a da, an sa sinadarinsa cikin haramtattu a yarjejeniyar Stockholm a shekarar 2009. A 2019 kuma hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper barkatai a kasuwa. Maganin gona ne, ba na ɗakin kwana ba. Wanda ya fesa shi ya rufe ƙofa a kan iyalinsa ya fi kwarkwasa ɓarna, ga shi kuma uwar da ke zuba ƙwai tana can ƙarƙashin ƙasa, bai ko taɓa ta ba.

Cizonta da zafi, kuma ba ta saki; in an fizge ta kanta yakan rage a fata. A cire shi a hankali, a wanke wurin da ruwa da sabulu, a hana yaro susa. Amma in jariri ya sha cizo da yawa, ko ta shige masa kunne ko hanci, ko aka ga fuska ta kumbura numfashi yana sarƙewa, kada a jira gari ya waye. A kai shi asibiti ko ɗakin shan magani mafi kusa nan take.